Kaskon turare, basilin da injin oksijin a ɗakin Hajiya: ni ce na yi laifi?

Maman Walida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, tun jiya raina a dagule yake. Wata uku ke nan ina jinyar wata dattijuwa a gidan ɗanta. Ta haura shekara 80, shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da ita, ga tsohon ciwon huhu. Likita ya sallamo ta da oksijin lita 2 a kowane minti ta siririn tiyon hanci. Akwai injin tace iska mai ba ta oksijin a ɗakin, da silinda ɗaya a lungu saboda ɗaukewar wuta.

Jiya bayan la'asar na fita shanya zanin gado. Ina dawowa na tarar da kasko cike da garwashi a gindin gado, hayaƙin turare ya turnuƙe ɗakin, tsakanin kaskon da tiyon bai kai taku biyu ba. Surukarta ce ta kawo, wai 'yan dubiya na tafe, ɗakin kuma yana tashi saboda gyambon da ke ƙugun Hajiya. Ta kuma lakato basilin ta cika mata hanci da leɓe don sanyi ya farfasa su. Wallahi ban san sanda na suri kaskon na yi waje da shi ba. Na dawo na goge basilin ɗin, na buɗe tagogi. Ita kuwa ta ce na ci mutuncinta a gaban baƙi, ni ɗin ɗauko ni aka yi ana biyana, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Yau ko gaisuwata ba ta amsa ba. Na zaƙe ne?

Nas Ta Dare: Wa alaikumus salam. Ba ki zaƙe ba ko kaɗan. Da ni ce, har da gudu.

Ummu Sadik: Fitar da kaskon daidai ne, amma Maman Walida ki yi haƙuri zan faɗa miki gaskiya. Gidan mutane kike. Matar nan ba mugunta ta kawo ba, fita kunyar baƙi take so ta yi, ta kuma ga hancin uwar mijinta yana jini ta tausaya. Da kin ja ta gefe daga baya kin yi mata bayani da ba a kai ga gaba ba. Da yawanmu mun iya aiki, ba mu iya baki ba.

Mai Gyaran Injuna: Ni ba nas ba ne, gyaran na'urorin asibiti nake yi, don haka bari in yi magana kan wutar kawai. Mutane suna zaton oksijin kamar gas ɗin girki yake, yana kamawa da kansa. Ba haka ba ne, kuma wannan ne ma ya sa ake raina shi, don an kunna ashana a ɗaki an ga bai fashe ba. Shi abincin wuta ne. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin, abin da injin nan ke fitarwa kuwa kashi 90 da ɗoriya ne. Ba duka Hajiya ke shaƙewa ba, saura yana zirarewa ya shige ɗankwali, matashin kai, bargo, gashin kai. Zanin da a da sai ya ɗau lokaci yana cin wuta a hankali, idan ya sha oksijin tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Tiyon kansa roba ne, wuta tana bin sa kamar lagwani har fuska.

Ƙa'idar da nake ba mutane: mita 3 tsakanin oksijin da duk wata wuta mai harshe ko garwashi. Kasko, kyandir, fitilar ƙwai, risho, maganin sauro na kunnawa, taba sigari. Gara ma a ce ba sa shiga ɗakin, a huta da awo.

A watan Afrilu na 2021 silindar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, a sashen masu korona, mutum 82 suka rasu. Asibiti ke nan mai ma'aikata, ba ɗakin tsohuwar da ba ta iya tashi da kanta ba.

Ɗalibar Jinya: Yallaɓai na gane maganar garwashi. Basilin ɗin ne ban gane ba. Mai ne fa na shafawa, har jarirai ana shafa wa.

Mai Gyaran Injuna: Daga man fetur ake fitar da shi, ƙanwata. Mai da maiƙo idan sun haɗu da oksijin mai yawa saurin kamawa gare su. Shi ya sa ko kan silinda ya cije ba ma ɗiga masa mai, ba ma taɓa shi da hannu mai maiƙo. Na taɓa iske wani ya shafa wa bakin silinda baƙin mai don ya saki. Sai da gabana ya faɗi.

Sista Mai Ritaya: 'Yata, ba basilin kaɗai ba, har man kaɗe, man zaitun, man shanu da man zafi da ake shafa wa ƙirji. Duk maiƙo ne. Abin da ake sa wa hancin mai oksijin shi ne jel ɗin da aka haɗa da ruwa, irin K-Y, ko ɗigon ruwan gishiri na hanci. Leɓe kuma a riƙa jiƙa shi da tsabtataccen ƙyalle. Maman Walida, injin naku yana da kwalbar ruwan nan da iska ke bi ta ciki?

Maman Walida: Yana da ita Mama, amma gaskiya tun da na zo ban ga an canza ruwan ba sai dai a ƙara.

Sista Mai Ritaya: To ga aiki nan a gabanki. Kullum a zubar, a wanke, a sa sabon tataccen ruwa, in babu a tafasa a bari ya huce. Ruwan da ya kwana biyu a kwalba ƙwayoyin cuta yake tarawa, ki tura su huhun da dama ba lafiya gare shi ba.

Amma ni abin da ya tsaya mini a rai warin ne. Kowa ya bi kasko, an bar abin da ya kawo kaskon. Gyambon da ke tayar da ɗaki har sai an nemi turare, magana yake yi. Ba ni labarinsa. Girmansa, zurfinsa, launin cikinsa, ruwan da yake fitarwa, da abin da kuke sa masa.

Maman Walida: A ƙasan baya yake, daidai kan ƙashin nan na saman ɗuwawu. Faɗinsa ya kai murfin kwalbar Bama. Tsakiyar ta yi rawaya-rawaya da ɗan baƙi a gefe ɗaya, yana jiƙa goz, ƙyallen rufe rauni, sau biyu a yini. Kafin in zo sifirit suke wanke shi da shi, su fasa kafso su barbaɗa, su bar shi a buɗe wai ya sha iska. Ni na koma ruwan gishiri na asibiti ina rufewa, amma ɗan nata yana cewa rufewar ce ta sa shi wari.

Baban Khalifa: To ni dai a nan ina bayan ɗan. Tun muna yara mun san ciwo idan ya sha iska ya bushe ya yi ɓawo shi ne ya kama hanyar warkewa. Yanzu kuma an ce a lulluɓe. A zafin garin nan?

Nas Ta Dare: Baban Khalifa, ƙurjewar gwiwar yaro daban, ramin gyambo a ƙugun tsohuwar da ke fitsari a kwance daban. Ka bar shi a buɗe, ƙuda ya sauka, fitsari da bayan gida su shiga, zanin gado ya goge shi. Kuma maganar bushewar ma an daɗe da wuce ta. Tun 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada a fatar aladu ya ga raunin da aka rufe ya zauna da ɗan danshi ya fi saurin yin sabuwar fata a kan wanda aka bari ya yi ɓawo. Sabuwar fata rarrafowa take daga gefe, busasshen ɓawo tare mata hanya yake. Danshi ake so, ba jagwab ba. In goz ya jiƙe har ya huda, a canza.

Baban Khalifa: Aladu kuma? To Allah Ya kyauta. Na ji, amma ban gama gamsuwa ba.

Sista Mai Ritaya: Ba sai ka gamsu ba ɗana, kai dai kada ka buɗe na majinyacinka. Maman Walida, saurara. Sifirit na lafiyayyar fata ne kafin allura, ba na cikin rauni ba. Shi da haidurojin mai kumfar nan suna kashe ƙwayar cuta, suna kuma ƙone jan naman da ke tohowa. Mu ma a zamaninmu mun yi ta zuba su, da ruwan wanke rauni na yusol, muna ganin kumfa muna jin daɗi. Shuɗin maganin nan da ake kira GV kuma rina wurin yake, ki kasa gane ja daga baƙi. Fasa kafso a barbaɗa ba ya warkar da komai, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

Yadda nake koya wa yarana shi ne, ki haɗa kayanki duka a tire kafin ki taɓa mara lafiya. Wanke hannu da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60, ba tsoma-ka-cire ba. Safar hannu ɗaya ta cire tsohon bandeji, in ya manne ki jiƙa shi da ruwan gishiri, kada ki fizge. Ki dube shi kafin ki jefar, launi da wari da yawan ruwan duk labari ne. Cire safar, sake wanke hannu, sa sabuwa. Goz ɗaya shafa ɗaya, daga wuri mai tsabta zuwa mai datti, ki yar. Kada ki yi amfani da auduga a ciki, zarenta maƙalewa yake. Ki tsane fatar gefe, ki rufe, ki rubuta kwanan wata a kan filasta. Sau ɗaya a mako ki auna tsawo da faɗi ki rubuta a littafi, don ido yana mantuwa.

Sai dai wannan rawaya da baƙin da kika faɗa mataccen nama ne, kuma ya fi ƙarfin aikinki. Ba ke za ki yanke shi ba, kada ma wani ya ba ki reza ko almakashi. Likita ko nas mai kula da rauni za a kira su gani, cikin kwana ɗaya ko biyu, ba sai ranar komawa asibiti ba. In kuwa kin ga zazzaɓi, ko gefen ya kumbura ya yi zafi yana yaɗuwa, ko mugunya, ko Hajiya ta rikice ta daina gane mutane, wannan na yau ne, ko da tsakar dare.

Na Damagaram: Gaisuwa ga kowa. A nan wajenmu in ruwan gishirin likita ya yanke a ƙauye, muna tafasa ruwa lita 1 mu sa gishiri giram 9, ƙaramin cokali biyu da ba a tula ba, a bari ya huce a rufe. Na yini ɗaya ne, gobe a sake sabo. Tambayata kan zuma ce. Muna sa ta sosai kuma muna ganin amfani. Me kuka ce?

Ummu Sadik: Zuma kam waraka ce, ba mai musu.

Nas Ta Dare: Ba mai musun zuma, ta kasuwa ake musu. A Kalaba wani likitan tiyata, Spencer Efem, ya yi wa majinyata 59 masu gyambon da ya ƙi jin magani jinya da zuma, ya wallafa a 1988, kusan dukkansu suka samu sauƙi, har warin ya ɗauke. Amma a asibiti ya yi, yana duba raunin da idonsa. Wadda ake tallanta a galan a bakin titi, nawa ce aka dafa da sukari? Kuma zuma ba ta hana nauyin jiki danne wurin. A sa ta in wanda ya duba ciwon ya ce a sa.

Sista Mai Ritaya: Yawwa, kin taɓo inda nake so. Ko da zinare za a rufe gyambon kwanciya, in tana kwance a kansa ba zai warke ba. Nauyi ne ya hana jini zuwa, naman ya mutu. Juyi duk awa 2, dare da rana. Ba a kan ƙashin kwatangwalo ɗoɗar ba, a ɗan kishingiɗar da ita da matashi a baya, wani matashin tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin sha-raɓa don dugadugai su tashi daga katifa. Kada a ja ta a kan zani, mutum biyu su ɗaga. Zoben roban nan mai rami a tsakiya a jefar da shi. Kada a murza wurin da ya fara canza launi, tausa ƙara ɓata shi take.

Kuma littattafan da muka karanta sun ce a nemi ja. A fatarmu ja ba ya fitowa sosai. Wurin sai ya fi kewayensa duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi yana ƙyalli, ki taɓa ki ji ya fi zafi ko ya yi tauri. Hannu ya fi ido gani a nan. Ga abinci: ƙwai, wake, kifi, nono. Kunu zalla ba ya gina nama.

Je ki duba bayan kunnuwanta yanzu, inda tiyon ya ratsa. Ina jira.

Maman Walida: Innalillahi. Mama, na dama ya fara salewa, ɗankwali ya rufe shi ban taɓa lura ba.

Sista Mai Ritaya: Na sani ai. Naɗa goz a jikin tiyon daidai wurin, ki sassauta shi kaɗan, ki riƙa dubawa duk juyi. Ban da mai.

Maman Walida: Tunda an zo nan bari in faɗi ɗayan. Ɗan nata in ya ga tana nishi da dare sai ya murɗa injin zuwa 5, wai ta samu iska sosai. Da safe sai in same ta tana ta barci da ƙyar nake tashinta, tana cewa kanta na ciwo.

Nas Ta Dare: Wannan ya fi kaskon tayar mini da hankali, don shi kullum ake yi. Oksijin magani ne, likita ke rubuta adadinsa kamar allura. Yawancin manya ana so abin matse yatsa mai auna oksijin a jini ya nuna 94 zuwa 98. Amma masu tsohon ciwon toshewar huhu sau da yawa 88 zuwa 92 ake nema musu, don in aka cika musu oksijin gurɓatacciyar iskar da ya kamata su fitar taruwa take a jini. Alamarta ke nan, barci mai nauyi, ciwon kai, rikicewa. Garin gyaran gira a rasa ido. Ki kira likitanta yau ki gaya masa abin da kika gaya mana, ki ce ya rubuta muku lita nawa da lambar da ake nema, a manna a bango. In ta sauka ƙasa da lambar, duba tiyo ko ya lanƙwashe ko ya fita, tayar da ita zaune, ki kira. Ba murɗawa ba.

Ɗalibar Jinya: Anti, mu an ce mana lalle yana hana abin yatsan karatu. Gaskiya ne?

Nas Ta Dare: Baƙin lalle da jan farce suna iya rikita shi, haka yatsa mai sanyi, ga shi muna cikin hunturu. Ɗumama hannun, nemi yatsan da ba lalle ko na ƙafa, ki jira lambar ta tsaya. Kuma an gano a kan baƙar fata yakan nuna sama da gaskiya kaɗan. Saboda haka in ya ce 95 amma mutum yana haki, ba ya iya ƙarasa magana, ki yarda da mutumin.

Mai Gyaran Injuna: In ƙara kan wannan. Hayaƙin janareta ma yaudarar na'urar yake, mutum ya shaƙi gubar hayaƙi ta nuna lamba mai kyau. Janareta a can waje nesa da taga, kada a ajiye shi a baranda kusa da ɗakin don waya ta yi gajarta. Injin tace iska a ba shi tazarar kamu ɗaya daga bango da labule, a soka shi a soket nasa shi kaɗai, soson bayansa a wanke duk mako, da ƙurar nan ma sau biyu, ya bushe sarai kafin a mayar. Silinda a tsaye, a ɗaure da bango, kada a jingine ta a bayan ƙofa yara na wasa. A buɗe ta sannu a hankali, fuska a gefe, a rufe in ba a amfani da ita. A karanta takardar jikinta, kada a dogara da fenti, kuma kada a karɓo ta masu walda don ta fi araha. Bargon roba mai tartsatsi da sanyin nan a canza shi da na auduga.

Ki kuma san lissafinki kafin NEPA ta ɗauke. Ƙaramar silinda mai lita 680 a kan lita 2 awa 5 da minti 40 za ta yi. In an murɗa zuwa 5, awa 2 da kwata. Mutane da yawa sai ƙarfe ukun dare suke gano haka.

Ummu Sadik: Duk na ji kuma na ƙaru, amma har yanzu ba wanda ya gaya mata yadda za ta koma gidan gobe. Ilimin nan in an sallame ta wa zai amfana? Wata za a kawo wadda za ta yi shiru a ci gaba da turare.

Baban Khalifa: Nan kam kin yi gaskiya. Ni an taɓa sallamata a wani gida don na hana maigida shan taba a ɗakin mahaifinsa. Wata biyu ina zaune.

Sista Mai Ritaya: Ki same ta ita kaɗai, ki ba ta haƙuri kan yadda abin ya faru a gaban baƙi, ba kan fitar da kaskon ba. Ki ce tsoro ne ya kama ki. Sannan kada ki hana ta hidima, canza mata hidimar za ki yi. A turara kayan Hajiya da labule a can tsakar gida, su huce a shigo da su. Ki ba ta jel ɗin ta riƙa shafa wa hancin da hannunta. Ki roƙe ta ta kama miki juyin dare. Dokokin kuma kada su fito daga bakinki, ki sa likita ya faɗa a gaban ɗan, su ji daga sama.

Maman Walida: Na dawo da bayani. Na yi yadda Mama ta ce. Da farko ta ɗaure fuska, sai da na ce mata da wuta ta tashi Hajiya ko juyawa ba za ta iya ba, sai ta yi shiru, can ta ce ita wallahi ba ta san basilin yana da matsala ba, uwarta ma shi take shafa wa. Likita ya zo jiya da yamma, ya cire mataccen naman, ya rubuta magani, ya manna takarda a bango: lita 2, lamba 88 zuwa 92, kada kowa ya taɓa. Ɗan ya karanta bai ce komai ba. Warin ya ragu sosai yau. Silindar dai har yanzu tana jingine, an ce mai walda zai zo ya kafa ƙarfen ɗaurewa ranar Asabar.

Mai Gyaran Injuna: In ya zo a fitar da silindar da injin daga ɗakin tukuna, Hajiya ma a mayar da ita wani ɗaki, kafin ya kunna wutar waldarsa. Kafin Asabar ɗin kuma ki samu igiya ki ɗaure ta da ƙarfen taga.

Maman Walida: To Yallaɓai, akwai igiyar shanya, bari in je in kwanto ta.